Babi na Bakwai: Idan Risiba da Mai Sarrafa Gudu Suka Ƙi Jituwa

Wata Asabar ce cikin watan Maris, rana ta take tsaka, zafin Abuja ya kai inda ko ƙarfen benci ba ya taɓuwa. Muna zaune a rumfar wani abokina mai gyaran rediyo da wayar hannu a Orozo, a gefen titin da ya taso daga Nyanya ya ratsa Karu da Jikwoyi da Kurudu ya nufi Karshi. Sai ga ɗan ƙanwata ya shigo da kwali a hammata, fuskarsa a murtuke. Ya ajiye kwalin a kan tebur, ya ciro robot ɗin da ya kwashe wata biyu yana haɗawa: guntun falanki, tayoyi biyu da ya cire daga wata tsohuwar motar wasa, moto biyu, da wayoyi ja da baƙi sun cukurkuɗe kamar taliya.

"Kawu, matacce suka aiko mana," in ji shi. "Tun jiya nake fama. Kuka kawai yake yi."

Ya kunna rimot, ya jona batir. Nan take moton suka fara wata tsuwa mai sauri, tit-tit-tit-tit, ba tsayawa. Ya tura sanda gaba, ya dawo da ita baya, taya ko motsi. Kayan nan sai da ya jira su mako shida kafin su iso daga Sin, da kuɗin da ya tara tun ƙaramar salla. Na ga idonsa ya cika.

Abin da na fara ce masa shi ne ya ɗauko rabin bulo ya ɗora robot ɗin a kai, tayoyin su koma suna lilo a iska. Wannan ita ce dokar farko a rumfarmu, kuma ina roƙon mai karatu ya mai da ita tasa. Duk abin da za ka gwada a cikin wannan babi, ka gwada shi taya ba ta taɓa ƙasa. Robot ɗin da ya ƙi motsi yanzu, da zarar ka taɓa abin da ke damunsa zai iya zabura da dukkan ƙarfinsa, yatsanka kuwa yana kusa.

Ba abin da ya mutu a cikin kwalin nan. Na daɗe ina ganin irin wannan, kuma abin da na tabbatar shi ne, a mafi yawan lokuta da yaro zai kawo mini risiba, wato abin da ke karɓar saƙon rimot, da na'urar sarrafa gudu yana cewa ɗaya ta ƙone, lafiyarsu ƙalau dukansu biyu. Abin da ya faru kawai, ɗaya tana magana, ɗayar ba ta gane ba, ko ta gane amma ba ta yarda ba. Wanda ke zaune a Shenzhen, in abu ya ƙi masa aiki sai ya sauko bene ya sayi wani. Mu a nan, ko Banex Plaza ta Wuse 2 za ka je nema, sai ka ba cunkoson Nyanya rabin yininka, kuma ba lallai ka samu irin wanda kake so ba. Saboda haka sanin yadda ake binciken matsala ya fi mana tsada a kan kowace na'ura da ke cikin kwalin.

Bari mu fara da abin da ke wucewa tsakanin su biyun. Daga na'urar sarrafa gudu, wadda za ka ga an rubuta ESC a jikinta, akwai wata siririyar waya mai ɗauri uku da ke shiga risiba. Baƙa ko ruwan ƙasa ita ce wayar ƙasa. Ja tana tsakiya, ita ke ɗauke da wuta. Ta ukun, fara ko ruwan lemo ko rawaya, gwargwadon kamfanin da ya yi ta, ita ce wayar saƙo. Da gangan aka sa jar a tsakiya, don in ka juya filogin baibai kada wuta ta koma inda za ta yi ɓarna. Abu dai ba zai yi aiki ba har sai ka juyo shi daidai. Na sha ganin an kwana ana neman matsala, ashe filogi ne kawai aka soka a juye.

Saƙon da ke bin wannan waya ba shi da wuyar fahimta. Kusan sau 50 a kowace daƙiƙa, risiba tana aika ɗan gajeren bugun wuta. Tsawon bugun shi ne maganar. Ana auna shi da maikrosakan, wato kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa. In sandar rimot tana can ƙasa, bugun yana kai kimanin 1000. In tana tsakiya, 1500. In an tura ta ƙarshe, 2000. Shi ke nan. Risiba ba ta san moto ba, ba ta san taya ba. Lamba kawai take faɗa tsakanin 1000 da 2000, ta sake faɗa, ta sake faɗa. Abin da lambar take nufi kuwa, wannan ya rage ga mai saurare.

A nan matsalar ɗan ƙanwata take. Moto da ESC ɗin da ya saya na ƙananan jiragen sama ne na wasa, domin su ne suka fi araha, kuma tare ake sayar da su. Jirgi ba ya tafiya da baya. Don haka a wurin ESC na jirgi, 1000 na nufin tsaya, 2000 na nufin gudu har ƙarshe, 1500 kuwa rabin gudu ne. Masu ƙera shi sun san farfela tana yanka yatsa, sai suka sa masa sharaɗi: in aka jona batir bai ji 1000 ba, kada ya tashi sam. Shi kuwa yaron ya soka wayar a layi na 2 na risiba, layin da ke bin sandar dama mai sifirin, wadda kullum take komawa tsakiya da kanta. Ana jona batir, ESC ya ji 1500, ya ce a ransa da muguwar rawa gara ƙin tashi, ya tsaya yana kuka.

Kukan ma ba banza ba ne. Babu lasifika a cikin ESC, moton da kansa yake girgizawa har ya ba da sauti, kuma kowane salon kuka da ma'anarsa. A yawancin irin waɗannan na jirgi, tsuwa mai sauri ba hutu tana nufin sanda ba ta ƙasa. Tsuwa ɗai-ɗai da tazara mai tsawo tana nufin ba ya jin saƙo ko kaɗan daga risiba. Biyu-biyu kuma, ƙarfin batir ne bai yi masa ba. Takardar da ke zuwa cikin ledar tana da wannan bayani, kuma ita ce abin da yara suka fi saurin jefarwa. Kada ka jefar da ita.

Na ce masa, "Cire batir, ka mayar da wayar layi na 3." A rimot irin nasa, FlySky FS-i6, layi na 3 shi ne sandar hagu marar sifirin, wadda ke tsayawa inda ka ajiye ta. Ya ja ta ƙasa, ya jona batir. Moton ya yi 'yar waƙarsa ta tashi, ya ƙirga ɗakunan batir da tsuwa biyu, ya ja guda ɗaya mai tsawo, ya yi shiru. Ya ɗan tura sanda, taya ta juya.

"Kawu, ya tashi!"

Ya tashi, amma sai da na rage masa murna. Gaba kawai zai riƙa yi. Robot mai taya biyu kuwa yana bukatar kowace taya ta iya yin gaba da baya, in ba haka ba ba zai iya juyawa a inda yake tsaye ba, kuma in ya shiga lungu sai an je an ɗauko shi. Musanya biyu daga cikin wayoyi ukun da ke shiga moton zai juya akalarsa gaba ɗaya, amma ba zai ba ka zaɓi a hannu ba. Hanya biyu ce: ko dai a sauya manhajar da ke cikin ESC ɗin, in irin wanda ke ɗaukar BLHeli ne, a saita shi ya riƙa ɗaukar 1500 a matsayin tsayuwa, ko kuma a nemi wanda tun asali an yi shi don gaba da baya. Mu ta biyun muka bi. Maigidan rumfar yana da moto biyu masu buroshi da ya cire daga wata matacciyar firinta, muka haɗa su da ESC mai baki biyu da wani ɗalibi ya ba mu aro.

Tunda na ambaci buroshi: moto mai buroshi waya biyu gare shi, marar buroshi uku. ESC na wannan ba ya tuƙa wancan, sai 'yan kaɗan da aka yi su musamman don duka biyun. Ƙirga wayoyi kafin ka biya kuɗi.

ESC na motar wasa ma yana da nasa hali. Shi ya yarda 1500 tsayuwa ce, amma da yawansu suna zuwa da tsarin da in ka ja sanda baya sau ɗaya birki ne, sai ka sake ta ta koma tsakiya ka sake ja kafin ya yi baya. A motar tsere wannan daidai ne. A robot mai taya biyu kuwa masifa ce, domin taya ɗaya za ta riƙa taka birki a daidai lokacin da ake so ta juya baya, robot ya yi ta kewaya kamar wanda ya ɓata hanya. Yawanci akwai ɗan makunni ko wata 'yar gada ta roba a jikinsa da ake matsarwa a cire birkin. Neme ta.

Akwai kuma saiti. Kamfanoni ba su taɓa zama sun amince a kan lamba ɗaya tak ba. Futaba, alal misali, tsakiyarta 1520 ce, ba 1500 ba, kuma wani rimot ƙasansa ba ya sauka har 1000. In ka ga taya tana rarrafe alhali ba ka taɓa sanda ba, ko ESC na jirgi ya ƙi tashi duk da sandar tana ƙasa, to ba su san iyakar juna ba ne. A yawancin na jirgi, za ka tura sanda sama, ka jona batir, ka jira tsuwa biyu, ka ja ta ƙasa. Daga nan ya haddace sama da ƙasan rimot ɗinka. In kuwa ka ja ƙasa yana ɗauka sama ce, layin ne a juye, sai ka shiga cikin rimot ka juya shi. Masu Futaba sun saba da wannan a layin gudu.

Duk wannan bayani ya ginu ne a kan cewa rimot da risiba sun san juna. Tun 1898 Nikola Tesla ya nuna ƙaramin jirgin ruwa da ake tuƙawa da rediyo a birnin New York, kuma shekaru da yawa bayan haka masu wannan sha'awa suna amfani ne da mita irin su megahaz 27 da 35 da 72, inda mutum biyu in suka haɗu a mita ɗaya sai rimot ɗin wannan ya tuƙa kayan wancan. Daga tsakiyar shekarun 2000 aka koma gigahaz 2.4, kowace risiba kuma sai an gabatar mata da rimot ɗinta ta riƙe lambarsa. Yaran rumfarmu ɗaurin aure suke kiran wannan. A risiba irin FS-iA6B, za ka soka 'yar wayar da ta zo da ita a ramin da aka rubuta B/VCC, ka ba ta wuta, fitilarta ta riƙa ƙyaftawa da sauri, sannan ka danne maɓallin ɗauri na rimot ka kunna shi. In an gama ka cire 'yar wayar. Fitila in ta tsaya cak, sun san juna. Sai dai kasancewar abu biyu duka 2.4 ne ba ya nufin za su ɗauru. FlySky da harshenta, FrSky da nata, Spektrum da nata. Ko a cikin gidan FlySky, tsohon tsarin AFHDS daban yake da AFHDS 2A. Mai shago zai iya ce maka duk ɗaya ne, ba don yana son cutarka ba, shi ma iyakar saninsa ke nan. Karanta abin da aka rubuta a jikin risibar da idonka.

Wani abin da ya fi wannan rikita mutane a 'yan shekarun nan shi ne ƙananan risibobin da aka yi don jirage marasa matuƙi. Za ka gan su ƙanana kamar farcen babban yatsa, da araha, sai sha'awa ta kama ka. Amma da yawansu ba su da ramuka shida ko takwas a jere. Waya ɗaya ko biyu ce ke ɗauke da dukkan layukan a dunƙule, cikin harshen lambobi irin SBUS ko iBUS ko CRSF. Wannan magana ce da aka tsara don ƙaramar kwamfutar jirgi, ita ce ke warware ta. ESC na gargajiya in ka ba shi wannan, kamar ka karanta wa Bagwari jaridar Sinanci ne. In risibarka tana iya fitar da harshe fiye da ɗaya, duba cikin rimot ka tabbatar ba a bar ta a PPM ba, domin a wannan yanayi ramin farko yana fitar da dukkan layuka a jere, ESC ɗin da ke wurin kuma zai rikice.

Orozo gari ne da ke da kwalejin fasaha ta gwamnatin tarayya, saboda haka ba a rasa matasa masu aikin hannu da ƙaramar kwamfutar Arduino a unguwa. Su kuma kuskuren da na fi gani a wurinsu ya samo asali ne daga suna. Bugun da risiba ke fitarwa ana kiransa PWM. Abin da allon tuƙa moto irin L298N ke bukata shi ma PWM ake ce masa. Suna ɗaya, abu biyu. Shi L298N ba ya auna tsawon bugu ya fassara shi. Kashin lokacin da wuta take kunne kawai yake bi, kuma yana son wasu wayoyi dabam su gaya masa gaba ko baya. Bugun risiba kuwa, ko ka tura sanda ƙarshe, kashi 10 cikin 100 na lokaci kawai yake kunne. Sai ka ga moto yana gurnani ba ya juyawa. Dole a sa tafinta a tsakani: Arduino ya karanta tsawon bugun, ya mayar da shi abin da allon ke ji. Haka nan in Arduino ne zai ba ESC umarni, ba da analogWrite ake yi ba, wanda a yawancin ƙafafun Arduino Uno yake bugawa kusan sau 490 a daƙiƙa. Da laburaren Servo ake yi. Kuma ko wane irin haɗi ka yi, wayar ƙasa ta kowa sai ta haɗu wuri guda. Saƙo ba ya da ma'ana in babu ƙasar da za a auna shi da ita.

Yanzu mu zo kan wuta, inda na fi so mai karatu ya nutsu, domin a nan ne matsala take ɓuya ta yi kama da wani abu dabam.

Risiba ba ta da batirin kanta. Yawanci ESC ne ke rage ƙarfin babban batir zuwa bolt 5 ya tura mata ta jar wayar nan ta tsakiya. Sashen da ke wannan aiki shi ne za ka ga an rubuta BEC. In ka ga an rubuta OPTO a jikin ESC, to ba shi da wannan sashe, risibarka ba za ta ko kunna fitila ba sai ka nemo mata wuta daga wani wuri. In kuma ESC biyu gare ka kowanne da nasa BEC, duka suna tura wuta cikin risiba ɗaya, ba a sarki biyu a gari ɗaya. Ɗaga ɗan harshen robar da ke filogin ɗayansu da allura, ka zaro jar wayar, ka naɗe ta da salatif. Kada ka yanke ta, wata rana za ka neme ta.

Mako biyu bayan waccan Asabar, ɗan ƙanwata ya dawo da sabon ƙorafi. A kan bulo komai lafiya. Da an sauke robot ƙasa an tura sanda da ƙarfi, sai ya zabura taku ɗaya ya tsaya cak, bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu ya farfaɗo. Shi ya riga ya yanke hukunci cewa rimot ne ba ya kai nisa. Na ce ya kwanta a ƙasa ya zuba wa fitilar risiba ido, ni in tura sandar. Na tura.

"Ta ɗauke, Kawu. Ta mutu ta dawo."

To ka ji. Ba rediyo ba ne, yunwa ce. Moto a lokacin da zai tashi daga tsaye yana jan wuta ninkin-ba-ninkin abin da yake ja in ya kama gudu. Batirin da yaron ya haɗa kuwa ƙwayoyin 18650 ne guda biyu da ya ciro daga tsohon batirin laftof, irin waɗanda kowa ke amfani da su a nan don tocila da fanka. In ka auna su ba kaya, mita za ta nuna maka bolt 4 da ɗoriya kowanne, ka ce lafiya lau. Amma an yi su ne don su ba da wuta kaɗan-kaɗan na tsawon lokaci, ga kuma tsufa. Da moto biyu suka ja a tare, sai ƙarfin ya faɗi warwas, BEC ya rasa abin da zai rage, risiba ta mutu. Tana mutuwa moto suka tsaya, ƙarfi ya dawo, ta farka ta sake neman rimot. Haka za a yi ta yi. Awon da ke da amfani shi ne wanda aka yi lokacin da moto ke ja, ba lokacin da yake hutawa ba. Mun ƙara wasu ƙwayoyi biyu a gefen na farko don su raba nauyin, muka sa kafasita mai maikrofarad 1000 a wani ramin risiba da ba kowa, matsalar ta kau. Wanda ke da hali ya ba risiba nata ƙaramin BEC dabam, ya fi kwanciyar hankali.

Zafin garinmu ma yana da hannu. BEC mai araha, irin wanda ke ƙona rarar wuta ya mai da ita zafi, in ka ba shi batir mai ɗaki uku na bolt 11.1 ya rage zuwa 5, kuma ana jan amfiya ɗaya, to kusan wat 6 ne yake zubarwa a cikin abin da bai kai akwatin ashana ba, a naɗe cikin leda. A watan Maris ko Afrilu, ƙarƙashin kwanon rufi, ba ya daɗewa zai kashe kansa don kada ya ƙone. In robot ɗinka yana aiki minti biyar ya tsaya, ya huta ya dawo, taɓa ESC da bayan yatsa.

Ga wata dabara ga wanda ba shi da komai sai mita. Sa ta a awon bolt, baƙin tsinke a wayar ƙasa, ja a wayar saƙo. Mita ba ta iya bin bugu ɗaya-ɗaya, matsakaici take nunawa. A risiba mai bugun bolt 3.3, za ka ga kimanin 0.17 in sanda tana ƙasa, 0.25 a tsakiya, 0.33 a sama. Ba lambar ce ta dame mu ba, motsinta ne. In tana hawa tana sauka tare da sandar, to rimot da risiba sun fita daga zargi, sai ka juya wajen ESC. In kana da ƙaramar servo guda ɗaya, irin shuɗiyar nan SG90, ta ma fi sauƙi: soka ta a layin da kake zargi, in ta juya, layin lafiya yake. Wannan shi ne dukkan sirrin aikin. Ka raba gardamar gida biyu, ka gano ɓangaren da ke da gaskiya, ka ajiye shi gefe. Kuma abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. Yaro in ransa ya ɓaci sai ya canza batir, ya canza layi, ya sake ɗauri, duk a tashi ɗaya. Ko ya yi aiki bai san abin da ya gyara ba, gobe in matsalar ta dawo ya koma farko.

Ragowar ƙananan abubuwa ne. Moto mai buroshi yana tartsatsi a ciki, tartsatsin yana damun saƙo, maganinsa 'yar kafasitar nan mai kama da ƙwayar wake da aka rubuta 104 a jikinta, a liƙa ta da dalma tsakanin ƙafafun moton biyu. Ƙarshen eriya, wajen milimita 31 ɗin nan da ba shi da rufi, shi ne eriyar gaba ɗaya, kada a yanke shi don ya yi kyau, kada kuma a binne shi cikin gwangwani ko a manne shi da batir. In ka haɗa layuka biyu a cikin rimot don sanda ɗaya ta tuƙa tayoyi biyu, ka tabbatar ESC mai baki biyun ba ya yin irin wannan haɗi shi ma, in ba haka ba za ka tura gaba taya ɗaya kawai ta juya.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne dalilin da ya sa na ƙi yarda a taƙaita wannan babi.

Ranar da robot ɗin ya fara tafiya sosai, mun fito da shi filin da ke bayan rumfa, yaran unguwa sun kewaye mu. Yana cikin gudu batirin rimot ya ƙare. Robot bai tsaya ba. Ya miƙe da gudun da aka bar shi a kai, ya ratsa tsakanin ƙafafun yara, ya nufi inda wata baiwar Allah ke suyar awara a bakin hanya, kasko cike da tafasasshen mai a kan murhu, jaririnta yana zaune a tabarma kusa da ita. Dutsen murhun ya daka ya kife, tayoyinsa suna ta juyawa a sama. Kaskon ya girgiza, man ya ɗan fantsala a ƙasa. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ƙone. Na je na durƙusa na ce, "Mama, ki yi haƙuri, laifina ne." Ta ce ba komai, amma hannunta yana rawa lokacin da ta ɗauki yaron ta goya shi.

Laifina ne kuwa, domin na san abin da ya kamata in duba ban duba ba. Kowace risiba tana da abin da za ta yi in ta daina jin rimot. Wasu suna daina aika bugu, wasu kuma suna ci gaba da maimaita lambar ƙarshe da suka ji har sai an cire batir. Akwai wurin da ake rubuta mata umarnin ko-ta-kwana, a gaya mata lambar da za ta faɗa a kowane layi in magana ta yanke. A FS-i6 yana cikin sashen saitin risiba, kuma muddin ka ga layi yana nuna OFF, to lambar ƙarshe zai riƙe. Za ka shiga kowane layi da ke tuƙa moto, ka kunna shi, ka ajiye sanda a inda moto ke tsayawa, sannan ka danne maɓallin da aka rubuta CANCEL ka riƙe shi har ya adana. Mutane da yawa suna taɓa shi sau ɗaya su fita, suna zaton sun gama, alhali ba abin da ya zauna. Ka kuma tuna cewa tsayuwa a wurin ESC mai gaba da baya 1500 ce. In ka sa masa 1000 irin na jirgi, ranar da magana ta yanke da baya zai kwasa da dukkan gudunsa.

Kada ka yarda da abin da allon rimot ya nuna maka. Ɗora robot a kan bulo, tura sanda tayoyi su kama gudu, sannan ka kashe rimot da hannunka kana kallo. In tayoyin ba su tsaya cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ba, robot ɗin nan bai isa sauka ƙasa ba tukuna, ko da gasa ake yi gobe. Malamai da iyaye masu sa ido a kan yaran da ke wannan aiki, ina roƙonku ku sa a yi wannan gwaji a gabanku duk ranar da za a fita da robot waje, kuma a sake shi duk lokacin da aka canza risiba ko aka sake ɗauri.